Wallahi Nawa Ake Kashewa Kafin A Sallama Hilux Ɗaya?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau da masu sayar da mota nake da masu sayenta, amma sauran ma ku tsaya ku ji, don abin bai bar kowa ba.

Wata hidima ta kai ni wurin wasu dilolin mota a nan Kano, na zauna kan benci tare da yaran wurin ina jiran wanda na zo nema. An idar da La'asar ke nan. Wani Alhaji ya iso da direbansa, ya tsaya kan wata sabuwar Hilux fara sol mai ƙofa huɗu, ko ledar kujerunta ba a cire ba. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka kawo ruwa, aka shiga ciniki. Mai mota ya ce, "Alhaji, wallahi tallahi a kuɗin da ka taya ko uwar kuɗina ban fitar ba." Alhaji ya ce, "Haba ranka ya daɗe, na rantse da Allah jiya jiyan nan aka sallama mini irinta a Abuja ƙasa da haka, launin ne kawai bai kwanta mini ba." Direba da ke kusa da ni ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce da ƙaramar murya, rabon Alhaji da Abuja tun kafin azumi. Yaron dila ya mayar masa da cewa ai shi ma maigidansa ko yanzu ya sallama ya ci riba mai kauri. Suka tafa, suka yi dariya.

Alhaji da mai motar nan sahu ɗaya suka tsaya ɗazu, kafaɗa da kafaɗa. Goshinsu bai gama hucewa daga sujada ba. Kuma duk mun taɓa jin hadisin mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar alƙiyama, cikinsu har da wanda ya sayar da haja bayan La'asar, ya rantse cewa kaza ya saye ta, aka gaskata shi, alhali ba haka ba ne. Bayan La'asar fa aka ce. Sai ka ce da wurin nan ake.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce kada ka nemi ragi ba. Kuɗinka ne, guminka ne, kuma motar da ake magana ta gomman miliyoyi ce. Ka taya, a ce albarka, ka ƙara, ka tafi ka dawo gobe, ka zaga Kaduna da Abuja da Legas ka ji farashi, duk halal ɗinka ne. Manzon Allah (SAW) da kansa ya taya raƙumin Jabir ɗan Abdullahi a kan hanyarsu ta komawa Madina, Jabir ya ƙi da farko, daga baya ya sallama da sharaɗin zai hau shi har gida. Da suka isa aka biya shi kuɗinsa, aka kuma bar masa raƙumin. Cinikin abin hawa ne sosai, da tayi da ƙi da sharaɗi, amma ka nemo mini inda wani ya ce jiya an sallama masa raƙumi a Makka ƙasa da haka.

Kai mai sayar da mota, ni na san halin da kuke ciki, kuma ba na raina shi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. A farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, hanyar Kwatano da kuka saba ta toshe, sai ta tashar jirgin ruwa da kuɗin kwastan mai nauyi. Motar nan ba a Kano ake ƙera ta ba, daga irin su Tailan da Afirka ta Kudu take fitowa, kuma da dala ake sayo ta. Wanda ya sayar yau a farashin da ya sayo wata shida baya, yana iya kasa mayar da wata a gurbinta. Wannan uzuri ne na gaskiya, to me ya hana ka faɗe shi yadda yake? Ka ce, "Alhaji, da kuɗin da zan sake sayo wata nake lissafi, ƙasa da kaza ba zan iya ba." Shi ke nan. Babu wanda ya wajabta maka bayyana nawa ka saya, sirrin kasuwarka ne, kana iya yin shiru. Amma da zarar ka buɗe baki ka ce kaza na saya, ka ɗauki amana, in ka haɗa da wallahi kuma ka kira Allah shaida.

Sannan ga wayar nan da ake bugowa daidai lokacin da ciniki ya yi zafi. Yaronka ne a bayan shago, kai kuma ka ɗaga murya: "E yallaɓai, tana nan, amma akwai wani bawan Allah a kanta, in bai ɗauka ba zuwa magariba taka ce." Babu wani yallaɓai. An ƙirƙire shi ne don zuciyar mai saye ta tsinke ya ƙara kuɗi. Abdullahi ɗan Abi Aufa ya ba da labarin mutumin da ya baje haja a kasuwa ya rantse an taya masa kuɗin da ba a taya ba, don ya jefa wani Musulmi ciki, ya ce a kansa ayar nan ta Ali Imrana ta sauka, ta masu sayar da alkawarin Allah da rantsuwoyinsu da kuɗi kaɗan. Waya ce kawai sabuwa a cikin lamarin.

Ga kuma motar da aka sauya wa fuska. Tun 2015 gangar jikin Hilux ta daɗe ba ta sauya sosai ba, gyaran gaba da fitilu aka riƙa yi, shi ya sa ake ɗauko ta shekarun baya a sa mata bamba da fitilun sabon yayi, a mayar da mita baya, a goge ta tana ƙyalli. Sauya fuskar ba laifi ba ne in ka faɗa. Laifin shi ne mutum ya tambaye ka ta wace shekara ce, ka dafa ƙirji ka ce wallahi ta bana ce, ga lambar shasi tana ƙaryata ka.

Amma wanda ya fi damuna shi ne mai saye, don shi ko a wa'azi ba a cika taɓa shi ba. Mun ɗauka ƙaryar ciniki zunubin ɗan kasuwa ne shi kaɗai. Hadisin Hakimu ɗan Hizamu kuwa su biyun ya haɗa: in sun yi gaskiya sun bayyana, a sa albarka a cinikinsu, in sun yi ƙarya sun ɓoye, a shafe albarkar. Kai da ka ce "wallahi iyakar abin da ke asusuna ke nan" alhali ninkinsa na kwance, kai da ka duba taya lafiyayya ka ce ta kwana biyu, kai da ka zo da makaniki kun shirya tun a hanya ya saurari inji ya girgiza kai, me ka bar wa dila? Allah ya hore maka abin da za ka sayi motar da mai albashin naira 70,000 zai yi shekaru masu yawa yana tarawa bai kai ba, maimakon alhamdu lillahi sai ka shiga rantsuwar talauci. Ba ka tsoron a amsa maka?

Don ragin miliyan ɗaya fa. Kuɗin da taya huɗu da juyen mai na 'yan watanni za su lashe.

Kuma wannan rantsuwa ba irin wadda ake ciyar da miskinai goma a wuce ba ce. Malamanmu na Malikiyya sun ce rantsuwar ganganci a kan abin da ka san ƙarya ne ta fi ƙarfin kaffara, sai tuba, in kuma an ci haƙƙin wani da ita sai an mayar. Da motar nan za ka kai yara Islamiyya, da ita za ka ɗauko hatsin da iyalinka za su ci, a cikinta za ka karanta addu'ar hawa abin hawa kowace safiya. Ka so ta shigo gidanka da tsarki mana.

Dillalai, ban manta da ku ba. La'ada halal ce idan an san da ita. Amma ka ce wa mai mota "wallahi Alhaji ya ƙi ƙara ko sisi", ka juya ka ce wa Alhaji "wallahi mai mota ya kafe", ka cusa naka a tsakani ba wanda ya sani, sannan ka miƙa hannu nan da can a ba ka la'ada, wannan ba sana'a ba ce. Mai sayo wa ma'aikata ko kamfani da ke cewa a rubuta masa rasit sama da abin da ya biya, da dilan da ya ɗauki biro ya rubuta, ku ma kun san kanku.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yaran nan ne na kan benci. Ba su ga abin tsoro ba, gwaninta suka gani. Yaro ɗan shekara goma sha takwas yana koyon cewa wallahi kayan aiki ne kamar tsumman goge gilashi. Gobe shi ne dila, kuma ɗanka ne zai je saye a wurinsa.

Don girman Allah mu bari. Ka faɗi farashinka ka tsaya, ka yi tayinka ka tsaya, in bai yi ba a ce Allah ya kawo kasuwa, a rabu da fara'a. Don Allah mu bari. Wanda kuma ya san akwai kuɗin wani a hannunsa da ya karɓa ta wannan hanya, ko ragi ne ko ƙari, lambar mutumin tana nan cikin wayarka. Kira shi yau, kafin magariba.