Sun ce mu ci abinci lokacin da muka ga dama, muka yi dare biyar a layi

Har yanzu in na tuna Umma a tsaye bakin ƙofar ɗakin cin abincin jirgin ruwan nan, ta dafa bango, gumi na tsattsafo mata a goshi, sai in ji raina ya sake ɓaci kamar yau abin ya faru. Shekara biyu muna tara kuɗin wannan tafiya ni da ƙanwata, don mu kai mahaifiyarmu ta ga teku ta huta. Kwana bakwai a Bahar Rum, daga Barsalona a zagayo ta Marsai da tashoshin Italiya a dawo. Ba mu taɓa zaton abincin dare ne zai zame mana abin fargaba ba.

Ga wanda bai taɓa shiga jirgin ruwa na shaƙatawa ba, tsarin abincin dare iri biyu ne. Akwai tsohon tsari, wanda ake raba fasinjoji gida biyu: kashin farko su zauna wajen ƙarfe 6, na biyu wajen ƙarfe 8 ko 8:30. Teburinka ɗaya ne tun daga daren farko har na ƙarshe, da lambarsa, masu yi maka hidima su ne dai kullum, haka ma waɗanda kuke zama tare. Sai sabon tsari, wanda ake cewa ka zo duk sa'ad da ka so tsakanin buɗewa da rufewa. Kamfanin Norwegian Cruise Line ne ya fito da shi gadan-gadan a shekarar 2000 da sunan Freestyle Cruising, daga baya sauran kamfanoni suka bi, kowa da sunan da ya raɗa wa nasa: wannan My Time Dining, wancan Anytime Dining, wani Your Time Dining.

Mu tsohon tsarin muka nema, zaman farko, kuma mun faɗi dalili. Umma na da ciwon suga, tana yin allurar insulin kafin cin abinci, irin wadda in an yi ta dole abinci ya biyo baya cikin 'yan mintuna. Aka ce zaman farko ya cika, an sa mu a jerin masu jira, amma kada mu damu, sabon tsarin ma ya fi dacewa da mu tunda mu ne za mu zaɓi lokacinmu. Wannan magana ita ce ta fi ci mini rai, domin wanda ya faɗe ta ya san ba haka abin yake ba.

Zaɓin lokaci a ina? An ce mu kama tebur ta manhajar jirgin a waya. Na buɗe tun kafin mu ajiye jakunkuna, na tarar duk wani gurbi daga ƙarfe 6 zuwa 8 an riga an kwashe shi, na mako gaba ɗaya. Waɗanda suka saba tafiyar tun suna gida suka kama nasu, makonni kafin jirgi ya tashi. Abin da ya rage shi ne ƙarfe 5:15 ko kuma 9 saura kwata. To dattijuwa mai shekara 71 za a ce ta ci abincin dare ƙarfe tara ta kwanta yaushe? Sai aka ce ai ba sai mun kama ba, mu zo kawai za a ba mu wuri.

Daren farko mun jira rabin awa, muka ce ranar shiga ce, dole a yi cunkoso. Dare na biyu ne ba zan manta ba. Mun sauko ƙarfe 7 saura kwata, matar da ke kan teburin karɓar baƙi ta duba kwamfutarta ta ce minti goma, ta miƙo mini wata 'yar na'ura mai kama da faifai wadda za ta yi ƙara ta kawo wuta idan teburinmu ya samu. Umma ba ta son yin allura a gaban mutane, don haka da ta ji minti goma sai ta koma ɗaki da ƙanwata ta yi, suka dawo. Minti ashirin, shiru. Talatin, shiru. Na koma na yi magana, aka ce saura kaɗan, akwai masu tebur da aka kama da za a fara sallama. Babu ko kujera a wurin jiran, mutane cike har bakin lifta, ga masu ɗaukar hoto sun tare rabin hanya da fitilunsu. Na juyo na ga hannun Umma na karkarwa a kan jakarta. Na ce, "Umma, lafiya?" Ta ce, "Ba komai, ɗan jiri ne," alhali leɓenta ya bushe, maganarta ta fara sarƙewa. Da gudu na je wurin sayar da abin sha na karɓo ruwan lemu mai zaƙi, muka zaunar da ita a kan matakalar bene tana kurɓa, mutane na raɓa ta suna wucewa. Na'urar nan ba ta yi ƙara ba sai da muka cika minti hamsin.

Don Allah wane irin hutu ne wannan? Da an ce mana minti hamsin tun farko, da ba ta yi allurar ba. Ƙaryar minti goman nan ce ta kusa jawo mana abin da ba ma fata.

Kuma lissafin ba ɓoyayye ba ne. Dalilin da ya sa aka ƙirƙiro zama biyu tun asali shi ne babban ɗakin cin abinci ba ya ɗaukar fasinjojin jirgi duka a lokaci guda, kusan rabi yake ɗauka. Ɗakin girki ma da wannan lissafin yake aiki, a fitar da ɗaruruwan faranti iri ɗaya a tare, a share, a sake. Jiragen da aka ƙera don sabon tsari tun daga tushe an cika su da gidajen abinci da yawa don jama'a su rarrabu. Namu kuwa ɗaki ɗaya ne mai hawa biyu, aka bar hawa guda ga masu tsohon tsari, aka tura sauranmu duka ɗaya hawan, sannan aka ce kowa ya zo lokacin da ya so. Ai kowa ƙarfe bakwai yake so. Ranar da jirgi ya tsaya a tashar Civitavecchia ta Italiya, jama'a suka tafi birnin Rum, tafiyar fiye da awa ɗaya a mota, suka dawo da yamma a gajiye kusan lokaci guda, kowa ya watsa ruwa ya nufo ƙofa ɗaya. Masu jirgin sun san haka zai faru, kowane mako haka yake faruwa. Sun dai sayar da kujerun da ba su da su ne a wannan sa'ar.

Bayan layin kuma akwai wata wahalar da ba a faɗa maka. Kowane dare sabon tebur, sabon mai hidima. Kowane dare sai na sake bayani daga farko: mahaifiyata ba ta shan zaƙi, a taimaka a kawo nata da wuri, kada a zuba mata miyar da aka sa wa suga. Wani ya gane, wani ya gyaɗa kai ya manta, wani ya ce bari ya tambayo shugabansu ya ɓace minti goma sha biyar. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Yawancinsu 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, suna yin wata shida zuwa tara a kan ruwa ba su ga iyalansu ba, kuma a wannan ɓangaren tebur na tashi ake cusa musu wani, ba su da sararin riƙe fuskar kowa. Tsarin ne ya mai da su masu gudu da faranti. Amma tukuicin da ake cirewa kai tsaye daga asusun kowane fasinja a kowace rana, wanda a manyan kamfanoni yake kaiwa dala 16 zuwa 20, bai ragu da ko sisi ba don ka sha layi.

Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne, duk daren da muke tsaye, sai wani ma'aikaci ya zo da allo a hannu yana tallar gidajen abinci na musamman da ake biyan ƙarin kuɗi, wai akwai tebur yanzu-yanzu. Wato ga wurin zama a jirgin, amma sai ka sake biya bayan abincin da ka riga ka biya cikin kuɗin tikiti. Ko kuma ka hau sama wurin ɗiba da kanka, ka yi ta zagaye da faranti kana neman kujera. Mun yi hakan dare ɗaya don dole. Umma ba ta ce komai ba, amma na ga yadda ta kalli kayan da ta ɗinka musamman don zaman abincin dare.

Ba na cewa tsohon tsari ba shi da aibu. Ƙarfe 6 ta yi wuri ga wanda ya yini a gari, sai ka katse yawonka ka dawo a guje, in ka makara da kwata ɗaya ma ana iya rufe ƙofa. Zaman ƙarfe 8:30 kuma yakan kai har goma, yara na gyangyaɗi a kan tebur. In an haɗa ka da mutanen da jininku bai haɗu ba, haka za ka yi ta haƙuri da su har mako ya ƙare, sai dai ka roƙi a canja maka. Ma'aurata biyu masu ƙarfi a jika, waɗanda ba su damu su ci ƙarfe tara ba, sabon tsari zai yi musu daɗi. Amma a tsohon tsari an gaya maka gaskiya: ga lokacinka, ga kujerarka, kuma in ka zo za ka same ta. Mai tafiya da tsoho, ko mara lafiya, ko ƙananan yara, ko ayarin mutum takwas da ke son zama wuri ɗaya, wannan tabbacin yake buƙata.

Sai a rana ta shida, bayan na je wurin shugaban ɗakin cin abinci sau uku, na ƙarshe har da takardar likitan Umma a hannuna kuma muryata ta fara tashi, aka ce an samu tebur a zaman farko. Da muka shiga na ƙirga tebura huɗu a kusa da mu babu kowa a kai, na masu su ne da suka tafi cin abinci wani wuri, ga mutane can ƙasa suna tsaye da na'ura a hannu.

Mai hidimar da aka ba mu ya saurari bayanin sau ɗaya tak. Kafin mu tashi ya kawo wa Umma jerin abincin gobe ta zaɓa, ya rubuta. Washegari muna zama ya ce, "Mama, naki yana hanya, minti biyar," kuma kafin minti biyar ɗin farantin yana gabanta, da kayan zaƙin da ba suga a gefe. Ta ci a natse, har ta tsaya shan shayi tana kallon ruwa ta taga. Dare biyu ke nan cikin bakwai da muka biya.

Na rubuta wa kamfanin duk wannan da muka dawo, da ranaku da adadin mintunan da muka tsaya kowane dare. Amsar da suka turo layi uku ce, suna godiya da shawarata, suna fatan sake ganinmu a jirginsu.