Ƙanina mai zane, kada ka raina allon shago

Assalamu alaikum ƙannena masu baiwar zane. Yau da ku nake, ku da Allah ya sanya wa albarka a hannu, kuna iya ɗaukar biro a bayan littafi ku fitar da abin da zai sa mutum ya tsaya yana kallo, amma da tela ya ce ku zo ku rubuta masa allon shagonsa sai ku ɓata rai, wai an raina ku. Ina jin koke-kokenku a majalisa da kuma a Facebook: ba mu samu gurbin karatu a jami'a ba, ba mu da kowa a sama, gwamnati ba ta kula da masu fasaha, mutanenmu ba su san darajar zane ba. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Abin da yake damuna shi ne shekaru suna tafiya kuna zaune kuna jiran ranar da wani zai zo ya gano ku, ga aiki a bakin titi kuna tsallake shi kullum.

Bari in ba ku labarin wani mutum da ya fara daga wannan aikin da kuke rainawa.

Sunansa Chéri Samba, mutumin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. An haife shi a ƙarshen shekarar 1956 a wani ƙauye da ake kira Kinto M'Vuila, a yankin da ke yamma da Kinshasa. Mahaifinsa maƙeri ne, mahaifiyarsa manomiya, su goma ne a gidan. Tun yana makaranta yake kwaikwayon zanen barkwanci na mujallu yana sayar wa 'yan ajinsu. A 1972, yana ɗan kimanin shekara 16, ya bar ƙauye ya shiga Kinshasa, lokacin ƙasar tana amsa sunan Zayar a ƙarƙashin Mobutu. Bai shiga makarantar koyon zane ba, ko da yake akwai ta a birnin. Shagunan masu rubuta allunan talla ya nufa ya nemi aiki, ya zama yaron shago, yana rubuta sunayen kantuna da tallan kaya a jikin bango da katako. A 1975 ya buɗe nasa wurin, kuma a wannan lokacin yana yi wa wata mujallar nishaɗi mai suna Bilenge Info zanen barkwanci.

Shekara uku ke nan tsakanin shigowarsa birni da buɗe shagonsa, kuma a cikinsu ba abin da yake yi sai aikin kwastoma. Duk wanda ya taɓa rubuta allo ya san abin da wannan aiki yake koya wa hannu. Sai ka auna allon, ka ɗaure zare ka shafa masa alli, ka ja shi ka saki ya bar maka layi miƙaƙƙe. Ka ƙirga haruffa kafin ka taɓa buroshi, domin wani harafin siriri ne wani mai faɗi, in ba ka raba wurin daidai ba za ka iske kalmar ƙarshe ta matse a gefe kamar an tura ta dole. Ka san cewa fari a kan shuɗi ko ruwan ɗorawa a kan baƙi ana karanta su daga nesa, ja a kan kore kuwa ido yake gajiyarwa. In ka gama ka tsallaka titi ka tsaya inda mai wucewa zai tsaya, ka duba ko ana gane abin da ka rubuta cikin ƙiftawar ido. Mai shagon kuma yana tsaye a bayanka, ba ruwansa da cewa kai mai baiwa ne, so yake jama'a su gani su shigo. Wanda ya yi wannan sau ɗari ya samu horon da zama a ɗaki da fensir ba zai taɓa ba shi ba, saboda a ɗaki kai kaɗai ne alƙalin kanka, kuma mutum ba ya ganin laifin aikinsa.

Daga wannan makaranta ta bakin titi Samba ya samo abin da ya bambanta shi da kowa. Yana rataye zanensa a jikin bangon shagonsa ta waje domin masu wucewa su gani. Sai ya lura mutane suna ɗan kallo ne kawai su wuce. Ya yi tunani, in da akwai rubutu a jikin zanen dole mutum ya tsaya ya karanta, in ya tsaya kuma zanen zai shige shi. Sai ya fara saka rubutu a cikin zanensa da harshen Lingala da Faransanci, wani lokaci da harshensu na Kikongo, irin yadda ake yi a zanen barkwanci. Jama'a suka riƙa taruwa a ƙofar shagon, suna karantawa suna gardama. Wannan dabarar mai rubuta allon talla ce tsantsa, mutumin da ya saba tambayar kansa yadda zai tsayar da mai sauri. Manyan masana zane na Turai da suka zo daga baya suna rubuce-rubuce a kan salonsa, a kan abin da titin Kinshasa ya koya masa suke magana.

Sannan ku dubi abin da yake zanawa. Rayuwar mutanen da yake cikinsu ce: cin hanci, cutar ƙanjamau lokacin da take cin mutane ana jin nauyin ambatonta, sauro da zazzaɓi, rikicin miji da mata, wahalar birni, yaran da ake ba bindiga a tura su yaƙi. Yakan zana kansa a cikin hoton, domin kowa ya san wanda ya yi maganar, kada ya jefa dutse ya ɓoye hannu. Ya kira kansa mai zanen jama'a, kuma haka ake kiran su shi da abokan sana'arsa irin su Moke da Pierre Bodo, waɗanda su ma daga titin suka taso. Ni dai wannan ne abin da ya fi burge ni a lamarinsa, ya fi ma shahararsa burge ni. Yawancinku in na duba shafukanku, fuskar ɗan ƙwallon Turai nake gani, ko mawaƙin Amurka da kuka kwafo daga hoton waya, gashi ɗaya-ɗaya, kwana da kwanaki kuna wahala a kai. Hannun ya yi kyau, madalla. To me ka faɗa? Wa ya tsaya ya yi gardama a kai? Layin 'yan garuwa a bakin famfo tun asuba yana nan, ambaliyar da ke cinye unguwa duk damina saboda an toshe magudanar ruwa da leda tana nan, matasan da ƙwaya ta lalata suna nan a lungun gidanku, kasuwar hatsi ranar da farashi ya tashi tana nan. Ba wanda ya san waɗannan kamar ku, kuma ba wani baƙo da zai zo ya zana muku su.

Duniya ba ta san Samba da wuri ba. Sai a 1989, shekara 17 bayan shigowarsa Kinshasa, aka saka aikinsa a wani babban baje kolin zane a birnin Paris mai suna Magiciens de la Terre, wanda aka yi a cibiyar Pompidou, inda aka haɗa masu fasaha daga sassan duniya daban-daban. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 2004 gidauniyar Cartier ta shirya baje kolin aikinsa shi kaɗai a Paris, a 2007 aka gayyace shi babban baje kolin birnin Venice na Italiya, kuma yau akwai zanensa a gidan adana zanen zamani na New York. Kamfanin Louis Vuitton ma ya ba shi aikin zana birnin Paris a wani littafin matafiya da ya fito a 2013, wato ko bayan shahara bai ɗauki aikin kamfani a matsayin abin kunya ba. Duk da haka bai kwashe kayansa ya bar Kinshasa ba, shagonsa yana can. Wanda ya zo daga Paris neman masu zane domin baje kolin 1989 ya iske mutum ne da tarin aiki a gabansa, wanda garinsu ya riga ya san shi. Da ya iske shi zaune a kan benci yana kukan rashin tallafi, me zai ɗauka ya tafi da shi?

Na san abin da wasunku za su ce, kuma ba zan kauce masa ba. Mu Musulmi ne mafi yawanmu, kuma malamai suna da magana a kan zanen abu mai rai. Wannan ba fagena ba ne, ka je ka zauna da malamin da ka yarda da iliminsa ka tambaye shi, ka tsaya inda zuciyarka ta natsu. Akwai ma wasu zane-zanen Samba da ni kaina ba zan rataye a ɗakina ba, domin tarbiyyarmu da tasu ba ɗaya ba ce. Ban kawo shi don ku kwaikwayi hotunansa ba, yadda ya riƙe sana'a nake so ku gani. Kuma fagen da ba shi da wannan saɓanin yana da faɗi ƙwarai a wurinmu. Ku dubi zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani, ku dubi zanen da magina suke yi a fuskar soraye a Kano da Zariya da tsohuwar unguwar Birni a Damagaram, ku dubi ɗinkin babbar riga da hula, ku dubi furanni da rubuce-rubucen da ake yi a bayan manyan motoci. Waɗanda suka yi waɗannan ba su da takardar shaidar jami'a, a wurin iyayen gidansu suka koya. Gado ne babba, kuma kaɗan daga cikinku ne suke waiwayarsa.

Wani kuma zai ce zamanin buroshi ya wuce, yanzu kowa bana (wato ledar talla) yake bugawa a inji. Haka ne, injin buga bana da sitika ya ƙwace kaso mai yawa na aikin. Amma injin ba shi yake tsara abin da zai buga ba, mutum ne yake zama gaban kwamfuta ya tsara. Ku duba yawancin banonin da ke rataye a titunanmu: launi bakwai a wuri ɗaya, rubutu ya cushe, lambar waya ta ɓace a cikin hoto, bayan damina ɗaya rana ta cinye launin ledar ta yage. Wanda ya tsara ya iya danna kwamfuta, amma ba shi da idon da allo yake ba mutum. In ka haɗa hannun da ya saba da buroshi da sanin kwamfuta, ka fi su duka. Katangar makaranta, jikin tankin ruwa, ƙofar gareji da bodin mota kuwa har gobe fenti suke nema. Ka koyi duka biyun, kada ka tsaya gardamar wanne ya fi.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne sosai, domin abin da yake kashe masu zanenmu ya fi yawa ta wajen hali. Ka karɓi kafin alƙalami ka ce jibi, jibi ta zama mako uku, mai aiki yana kira kana kashe waya. Ka karɓi kuɗin fenti mai kyau ka sayo na banza, ka tsinka shi da kananzir har ya zama ruwa, wata biyu allo ya koɗe. Ka shafa fenti a kan ƙarfe ba ka kankare tsatsa ba, ba ka sa na ƙasa ba, ya ɓamɓare tun kafin mai shago ya gama biyanka. Ka rubuta sunan mutum ba daidai ba, ko ka juya lambar waya, don ka ƙi rubutawa a takarda ka nuna masa ya tabbatar kafin ka hau tsani. Wannan cin amana ne, ko da kuɗin kaɗan ne, kuma Allah zai tambaye ka. Allon da ka rubuta yana nan a bakin titi shekara da shekaru, duk wanda ya wuce yana ganin ko kai wane irin ma'aikaci ne. Shi ya sa nake ce muku ku riƙa sa sunanku a ƙasan kowane aiki, komai ƙanƙantarsa. Wanda ya san sunansa zai zauna a jikin abu ba ya yin ha'inci a ciki, kuma ta nan sabon kwastoma zai neme ka. Ka ɗauki hoton duk aikin da ka gama ka adana, ka rubuta abin da ka kashe da abin da aka biya ka, don ka san ko riba kake ci ko wahala kawai kake sha.

Kuma ku daina fahariya da cewa ba wanda ya koya muku. In an ce Samba shi ya koya wa kansa, ana nufin bai zauna a aji ba ne kawai. Ya yi aiki a ƙarƙashin masu shago, ya kalli yadda suke haɗa launi, ya zauna cikin abokan sana'a suna ganin aikin juna. Wanda ya samu damar shiga sashen koyon zane, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya shiga, alheri ne. Wanda bai samu ba ya nemi dattijon da ya daɗe yana rubuta alluna a garinsu, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, Baba, ina so in riƙa zuwa ina taya ka aiki. Ka wanke masa buroshi, ka riƙe masa tsani, ka yi shiru ka kalli yadda yake jan layi ba tare da hannunsa ya yi rawa ba. Waɗannan dattawan suna ƙarewa, da yawansu injin bana ya zaunar da su, kuma ba wanda yake zuwa ya tambaye su komai.

In Allah ya buɗa maka ka samu naka wurin, ka jawo na bayanka. Ƙanin Samba, wanda aka sani da Cheik Ledy, a shagon yayansa ya koyi aiki, ya yi shekaru yana taya shi kafin ya tsaya da ƙafarsa har shi ma aka san shi a ƙasashen waje, kafin rasuwarsa a 1997. Yaron da zai zo wurinka kada ka mayar da shi ɗan aike kawai, sayo shayi, kai saƙo, shekara biyu bai taɓa buroshi ba. Ka ba shi guntun katako da ragowar fenti ya riƙa gwada haruffa in aiki ya lafa, ka duba ka gyara masa, ranar da aka biya ka kuma ka ba shi nasa a hannu kafin ya tambaya.