Bazazzagi a Kasuwar Kurmi

Bazazzagi ya sauka Kano karon farko da buhun citta a ka. An ce masa ya nufi Dawanau, ya ƙi, wai shi sai Kurmi. A bakin Jakara ya ci karo da Bakano dillali.

Bakano: Lale da bawana! Me aka kawo wa iyayengiji?

Bazazzagi: Bawa dai kai. Citta ce daga Kaciya. Kuma tun wuri ka sani, idona a buɗe yake.

Bakano: Rufe abinka ka huta. Kasuwar nan Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta, shi da ya hau gado a 1463. Fataken Agadas ma da raƙumansu suka zo, ido a buɗe, suka koma suna godiya.

Bazazzagi: Mutumin Zariya za ka koya wa tarihi? Taya kawai.

Bakano: Dubu talatin.

Bazazzagi: Albarka.

Bakano: Arba'in, don zumunci.

Bazazzagi: Na sallama.

Bakano ya ƙirga masa, ya zare la'ada, ya yafito yaro ya ɗauke buhun. Daga nan ya ce bari ya zaga da baƙo. Suka kutsa lungunan da mutum biyu ba sa jerawa, suka wuce masu sirdi da linzami, masu jakar fata, masu allo da littattafai, ga ƙamshin turare ya haɗu da na kanumfari. Kan a jima Bazazzagi ya rasa gabas.

Bazazzagi: Kai, mai ƙoren nan ba mun wuce shi ɗazu ba?

Bakano: Ƙanensa ne. Gidansu duk kama suke.

(Shi ne dai. Zagaye ake yi da bawan Allah.) Can suka tsaya gaban wata rumfa.

Bakano: Zo ka ga cittar gaske, irin wadda sai a Kurmi.

Bazazzagi ya ɓantara ya tauna, hawaye ya zubo.

Bazazzagi: Gaskiya ta fi tawa yaji. In na kai wannan Tudun Wada, kafin la'asar ta ƙare. Alhaji, nawa buhun?

Mai rumfa: Saba'in.

Bazazzagi: Sittin.

Mai rumfa: Allah ya ba ka riba.

Ya ƙara da kuɗin motarsa ya biya. Yana cicciɓa sai ya ga wani faci na jan yadi a gindin buhun.

Bazazzagi: Tsaya! Wannan facin uwargidana ce ta ɗinka shi jiya da dare!

Bakano: Masha Allah, ta iya ɗinki. Ka gaishe ta.

Bazazzagi: Cittata kuka sayar mini?

Bakano: Da bakinka ka ce ta fi taka.

Mai rumfa: Malam, sittin ɗin fa na citta ne. Buhu kuɗinsa daban.

Bakano: Biya shi tukuna, ni la'adata ba ta gaggawa ba ce.