Mutumin da ke nuna mana hanyar hadari

Jama'a, wa ke tuna bawan Allahn nan da yake fitowa a GBC, gidan rediyo da talabijin na ƙasar Gana, bayan labaran dare, ya tsaya gefen taswirar Gana yana gaya mana ko gobe za a yi ruwa? Duk wanda ya tashi a unguwar Nima ko Mamobi a Accra a zamanin da tashar talabijin ɗaya ce tak a ƙasar nan ya san shi. Mun yi masa dariya ba kaɗan ba. In ya ce ruwa, rana ta kwana tana gasa mu, sai iyayenmu su ce ai gaibu na Allah ne, shi wannan ya nemi wata sana'a.

Ni kam yau ina ganin mun raina masa hankali ne a banza. Mutumin bai taɓa cewa ya san gaibu ba. Abin da yake yi shi ne ya nuna maka inda hadari ya taso da inda ya dosa: ga shi a kudancin Najeriya, ya shigo Benin, ya tsallaka Togo, zai fara taɓa yankin Volta kafin ya iso Accra. Haka manyan hadura ke tafiya a wannan yanki, daga gabas zuwa yamma, shi ya sa tsofaffinmu suke duban gabas kafin su kwashe shanya. Ilimi ɗaya ne, sai dai shi yana hango abin tun yana wata ƙasa. Daga bakinsa na fahimci cewa iskar teku mai laima da busasshiyar iskar Sahara ne ke ture juna, inda suka haɗu nan ruwa yake, in ta arewa ta yi rinjaye a Disamba sai hunturu.

Kuma gidan da yake magana daga cikinsa maƙwabcinmu ne, yana nan Kanda, ɗan Nima da ƙafa zai je. Tarihinsa ya faro tun 31 ga Yuli 1935, da aka buɗe Tashar ZOY a zamanin Gwamna Arnold Hodson, ana jan waya zuwa akwatuna a gidajen mutane. Shekara 30 cif bayan haka, 31 ga Yuli 1965, Kwame Nkrumah ya buɗe talabijin, Shirley Graham Du Bois ce ta fara shugabantarsa. Mai kala sai 1985. Abin da ya fi shafarmu: Hausa tana cikin harsuna shida da gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana magana da su, tare da Akan, Ga, Ewe, Nzema da Dagbani. Ba yau muka shiga iska ba.

To amma hasashen yanayi a talabijin da Turanci muka san shi, nan ne gizo ke saƙar. Hajiyar da ke dafa wake da shinkafa a bakin titi, da mai koko, da 'yan kayaye, wato mata masu dako, da ke kwana a barandar shaguna, su ne ruwa ke fara duka, su ne kuma bayanin bai isa gare su ba sai in ɗan makaranta ya fassara.

Yanzu tashoshi sun yi yawa. Tun da Joy FM ta fara a 1995, TV3 ta biyo a 1997, ƙofa ta buɗe, har shirye-shiryen Hausa da tashoshin intanet na zango ba sa ƙirguwa. Ana awa biyu ana musun siyasa, ana tallar maganin basir, amma da wuya ka ji an ware minti biyu an ce hukumar yanayi ta yi gargaɗin ruwa da yamma, masu zama bakin gwata su ɗaga kaya. Alhali hukumar tana fitar da sanarwa kullum, kyauta, har a Facebook.

Wani zai ce ai waya tana nuna komai. Tana nuna hoton girgije da lamba, ba ta san gwatar Nima ba, ba ta san unguwar Alajo da kogin Odaw ba. Ruwan Accra na shekara bai kai rabin na garin Axim da ke kudu maso yammacin Gana ba, amma mu ne ke nutsewa, domin yana sauka lokaci guda a kan magudanan da shara ta toshe. Ranar 3 ga Yuni 2015 mutum wajen 150 suka rasu a shataletalen Circle na Accra, da yawansu fakewar ruwa suka yi a gidan mai, sai ya kama da wuta. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ban ce sanarwa da Hausa za ta hana ƙaddara ba, amma wanda aka ce masa ya koma gida da wuri ba ɗaya yake da wanda ba a gaya wa komai ba.

Wani abin baƙin ciki, gobarar 1989 ta cinye ɗakin ajiyar hotunan GBC, don haka yawancin tsofaffin shirye-shirye sai dai a bakin waɗanda suka gani. In akwai mai tsohon kaset ɗin bidiyo a ƙarƙashin gado da ya ɗauki labaran wancan zamani, don Allah ya fito da shi a juya. Ku kuma masu shirye-shiryen safe, 'yan uwana, ku nemi yaro ɗaya a cikinku mai kan karatu, ya riƙa karanto sanarwar nan da Hausa kafin watan Yuni, lokacin manyan ruwa, ya kama.