Shin Sai Wanda Ya Ɗanɗana Rashin Haihuwa Ne Zai Iya Kula da Masu Fama da Ita?

Mutane da dama suna ganin cewa likita ko ma'aikaciyar jinyar da ta taɓa fama da rashin haihuwa ita kaɗai ce za ta fahimci masu wannan matsala. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin wadda ta sha allurai, ta kuma yi zaman jiran sakamakon gwajin ciki na kusan mako biyu bayan dashen ɗan tayi (wato a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, sannan a saka a mahaifa), ta san yadda kalma ɗaya daga bakin ma'aikaci ke iya karya zuciya.

Sai dai rashin haihuwa ba cuta ɗaya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida yana fuskantar matsalar a rayuwarsa, kuma dalilan sun bambanta: toshewar bututun mahaifa, rashin fitar ƙwai, ko ƙarancin ƙwayoyin maniyyi da rauninsu a wajen namiji. Saboda haka ma'aikaciyar da ta samu ciki tana da shekara 30 za ta iya, da kyakkyawar niyya, ɗora wa mace mai shekara 42 fatan da bai dace da halinta ba, tunda ingancin ƙwai yana raguwa da shekaru.

A ganina, abin da ma'aurata suka fi buƙata shi ne a saurare su, a gwada miji da mata tare, a faɗa musu gaskiyar yiwuwar nasara, sannan a haɗa su da mai ba da shawara kan damuwa idan nauyin ya yi yawa. Duk ma'aikacin da ya samu horo nagari zai iya yin wannan.