Wai aljanu ne suka gina Gobekli Tepe? Haba jama'a

Ni dai wannan bidiyon da ake ta turawa a WhatsApp tun jiya ya ishe ni wallahi. Mutum ya zauna a ɗakinsa ya ɗora kiɗan ban tsoro, yana nuna hotunan Gobekli Tepe, wani daɗaɗɗen ginin dutse a Turkiyya, wai ba hannun ɗan Adam ba ne, aikin aljanu ne. Kuma har da masu digiri a ƙasan bidiyon ana ta "ikon Allah". Sannunku da ƙoƙari malamai, kun gama bincike da data ta naira ɗari biyu.

Mutane ne suka gina shi. Mutane irina irinka, masu jin yunwa da ciwon baya.

Wurin nan yana kan tudu kusa da birnin Shanliurfa a kudu maso gabashin Turkiyya, ya haura shekara 11,000, ya girmi dalar Masar da wajen shekara 7,000. Wani Bajamushe Klaus Schmidt shi ya fara haƙa a 1995, yana kan aikin har ya rasu a 2014, UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2018. Ginshiƙan dutse ne masu siffar harafin T an jera su a da'ira, wasu sun fi mita 5 tsawo, an sassaƙa musu dila da kunama da maciji da ungulu da aladen daji, wasu ma har da hannaye a gefe, yatsu sun haɗu a wajen ciki kamar mutum ya tsaya ya kama cibiyarsa. Lokacin babu ƙarfe, babu rubutu, ko tukunyar ƙasa ba su fara ginawa ba.

To a nan ne masu aljanu suke cewa ka gani ko? Ban gani ba. Ramukan da aka fasa dutsen suna nan a gefen tudun, har yau akwai ginshiƙi kwance da aka fara sarewa ba a ƙarasa cire shi ba. Aljani ne zai bar aiki rabi da rabi? An tono kayan aikinsu na ƙanƙarar dutse, an tono duwatsun niƙa rututu, ga ƙasusuwan barewa da suka ci suka yar. Wato aljanin naku sai da ya yi niƙa ya gasa nama kafin ya kama aiki.

Wani ya ce min ai aljanu sun yi wa Annabi Sulaimanu gini. Eh mun yi imani, wannan nassi ne ya zo da shi. Kawo min nassin Gobekli Tepe sai mu yi magana. In babu, ka bar mutane da guminsu.

Abin da yake ci min rai da gaske shi ne rainin. Wasu bayin Allah sun taru sun ja dutse mai nauyin tan-tan da ƙarfin ƙirji, ba mu san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, ɗan abin da ya rage musu a duniya shi ne a ce su suka yi, shi ma mun ƙwace mun ba aljani. Don mu ba za mu iya ba sai ya zama ba wanda ya taɓa iyawa. A haka nan gaba za a ce badalar Kano ma aljanu ne suka kwaɓa ƙasarta.

Af, ku masu zuwa Istanbul saro kayan ɗaki da abaya, a Shanliurfar nan akwai wani tafki cike da kifi, mutanen garin suna cewa nan ne Namarudu ya jefa Annabi Ibrahim a wuta, kuma ba mai kama kifin balle ya ci. Duk wanda ya leƙa don Allah ya ɗauko min bidiyo, amma ban da kiɗa.