Na biya dubu 18 don a daina leƙa mini kwamfuta, aka ƙara mini da cin mutunci

Jiya bayan la'asar na fito daga kasuwar 'yan waya jikina yana rawa. Yaron da bai kai autanmu ba ne ya tsaya gaban jama'a yana yi mini fassarar aurena, don kawai na mayar masa da kayan da ya cuce ni a kansu.

Sana'ata lissafi. Makarantun kuɗi uku nake haɗa wa takardar albashi. Duk ƙarshen wata allon kwamfutata cike yake da sunayen malamai, lambar asusu, wanda aka yanke wa, wanda ya ci bashi. Kun san halin wuta, ba sai na faɗa ba. Dole in ɗauki laftof in bi inda janareta yake kuka: ɗakin malamai, shagon caji, gidan maƙwabta. Shekara biyar ke nan, ban taɓa buɗe ta a cikin mutane ba sai wani ya miƙo wuya kamar raƙumin dawa. A jirgin ƙasa daga Kaduna zuwa Abuja wani dattijo ya bi layi-layi ya karance mini shafi guda, ya nisa, ya ce, "Ashe malamai suna shan wuya." Ko kunya.

Shi ya sa na nemi abin nan da 'yan kasuwa suke kira faraibasi, wanda ake liƙa wa fuskar kwamfuta. Na gaskiyar, irin wanda kamfanin 3M ya yi suna da shi, ba rini ba ne. A cikinsa akwai siraran layuka a tsaye, ƙanana sosai da ido ba ya gani, an jera su kamar asabarin ƙofa. Wanda yake zaune daidai gaba yana gani tangaram, wanda ya kauce gefe da kamar digiri 30 sai baƙi. Yana rage haske, sai ka ƙara hasken allo, batir ya ƙara saurin mutuwa. Kuma ba ya kare ka daga wanda ya tsaya daidai ƙeyarka. Duk na san wannan, na yarda, na ƙirga dubu 18 na miƙa.

Da na je gida na buɗe, sai ga leda mai kauri mai duhu. Na sa 'yata ta zauna gefe. Ta karanta mini sunan shugaban makaranta da albashinsa har da kwabo. Ni da nake gaba ce ma nake ƙanƙance ido. Ga shi na ce masa inci 14 mai ɗan tsawo, 16:10, ya ba ni na 16:9, ƙasan allon a buɗe kamar zanen da bai kai idon sawu ba.

Na koma da rasit ɗina. Na yi sallama. Bai ɗago ba, yana danna waya. Na sake. Ya ce, "Ina ji." Na ajiye masa a kan gilashi, na ce, "Malam, wannan ba faraibasi ba ne. Kunna kwamfutarka ka ɗora, ni zan tsaya gefe in karanta maka." Ya ɗauka da yatsa biyu kamar na miƙo masa tsumman yara, ya juya, ya ce, "Hajiya, ai kin ɓare." To da yaya zan gwada ban ɓare ba, da duba ko da istihara? Sai ya nuna mini kwali a bango da leɓe, ba ma da hannu ba: kaya in ya fita ba ya dawowa.

Na danne zuciyata. Na ce ba kuɗi nake nema ba, ya canza mini da na gaske in cika. A nan ne ya ajiye wayar. Ya gyara zama, ya dubi abokansa biyu da suke cin gyaɗa a benci, ya yi murmushi, ya ce, "Wai Hajiya me ake ɓoyewa ne haka? Ko dai kar Alhaji ya gani ne?"

Suka tuntsire. Ɗaya har da tafa hannu. Na kusa da shi ya ce, "Mai gaskiya ai ba ya rufe allo."

Madalla da malaman zamani! Ashe fatawa ake bayarwa a shagon, ban sani ba na zo da rasit maimakon allo da tawada. Kai da ka sayar mini da ledar shara a kuɗin buhun gawayi, kai ne mai gaskiya, ni da nake rufe sirrin albashin mutum 60 ni ce abar zargi. Na ce masa, "Buɗe mini wayarka in duba saƙonninka, tunda mai gaskiya ne kai." Wuf ya kife ta. A kan fuskarta kuwa, wallahi, faraibasi ne liƙe. Na gaske.

Abin da ya fi ƙona mini rai, wannan ba halinmu ba ne na asali. Kakanninmu da suka gina zaure, suka karkata ƙofar ciki don idon baƙo kada ya faɗa tsakar gida, su ma wani abu suke ɓoye wa Alhaji? Mu ne muka haddace Suratul Hujurat tun muna yara, inda aka ce kada ku yi bincike. Yau in ka kare allonka an ce ɗan Yahoo ne, in mace ce an ce tana da saurayi. Leƙe ya zama gaisuwa. A layin cirar kuɗi ana ƙirga maka abin da ya rage, a wurin mai POS ana kallon yatsunka.

Kuma daga sama abin ya ruɓe. An tara mu a rana mun yi BVN, an tara mu mun yi NIN, an ce a haɗa da layin waya ko a rufe. Muka ba da hoto, yatsu goma, ranar haihuwa. A 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka yi ta tafi. A 2024 sai ga ƙungiyar Paradigm Initiative, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta bankaɗo shafukan intanet da suke sayar da bayanan 'yan Najeriya a naira 100. Naira ɗari! Kuɗin da ba ya sayen ƙwai ɗaya. Akwai kuma dokar kare haƙƙin mai saye tun 2019, amma ku zaga kasuwa ku ƙirga kwalayen "ba a dawo da kaya". Wa ya taɓa zuwa ya cire ko ɗaya? Wa yake duba jabun da ake sauke mana kwantena-kwantena? Da an ba ni wuta a ɗakina ma, me zai kai ni tsakiyar mutane da albashin bayin Allah?

Gobe 28 ga wata, albashi yana jira. Zan zauna a shagon caji, in jingina da bango, in lulluɓe kaina da kwamfutar da mayafi kamar mai hoton dauri, a cikin wannan zafin. Ledar kuwa 'yata ta riga ta ɗauke, wai za ta kalli rana da ita.